Gidan Dervaes a Pasadena: Iyalin da Suka Nemi Ci da Kansu Daga Filin Gida Ɗaya

A birnin Pasadena da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wani gida a gefen babbar hanya mai lamba 210, inda ƙarar motoci ba ta yankewa dare da rana, kuma daga ƙofarsa zuwa tsakiyar Los Angeles tafiyar kamar minti 15 ce a mota idan hanya ta yi sauƙi. Filin gidan gaba ɗayansa ƙafa 66 ne da ƙafa 132, wato kashi ɗaya cikin biyar na eka, kimanin murabba'in mita 800. Gini da gareji da hanyoyin wucewa sun cinye kusan rabi, abin da ya rage na noma bai wuce murabba'in mita 400 ba, wanda ko fulotin nan mai ƙafa 50 da 100 da aka saba yankawa a garuruwanmu ya fi shi girma. A wannan ɗan fili ne Jules Dervaes da 'ya'yansa uku da suka manyanta, namiji ɗaya da mata biyu, suka riƙa girbe kimanin kilo 2,700 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a shekara, har aka san gidan a ciki da wajen Amurka a matsayin shaidar cewa iyali na iya ciyar da kansu ba tare da sun bar birni ba.

Shaidar tana da ƙarfi, sai dai abin da take tabbatarwa ya ɗan bambanta da abin da aka fi yaɗawa a kanta. Idan aka bi lissafin gidan a tsanake za a ga cewa iyalin sun wadata da mahaɗin miya da ganye da ƙwai, amma tsabar da ke riƙe ciki daga kasuwa take zuwa, kuma da kuɗin da lambun ya kawo ake sayen ta.

An haifi Dervaes a jihar Florida a 1947. A 1973 ya yi ƙaura zuwa New Zealand, ya zauna a wani ƙauye a tsibirin kudu yana kiwon zuma da kaji da awaki, sannan ya dawo Florida bayan 'yan shekaru ya zauna a gona mai eka 10. Karatun addini ne ya kai shi Pasadena a tsakiyar shekarun 1980, kuma a lokacin ne ya sayi wannan tsohon gida a unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Ke nan mutumin bai zo birni a matsayin sabon shiga harkar noma ba, ya zo da gogewar fiye da shekara goma, kuma 'ya'yansa sun tashi ne suna ganin aikin.

Abubuwa biyu suka sauya fasalin gidan. Na farko fari ne da ya addabi Kalifoniya daga 1987 zuwa 1992. Kamar sauran gidajen Amurka, ƙofar gidan Dervaes shimfiɗe take da ciyawar ado, wadda ke shan ruwa mai yawa kuma ba a cin ko ganye ɗaya daga cikinta. Ya kashe ciyawar, ya maye gurbinta da furanni da ganyayen ƙamshi, daga baya kuma iyalin suka gano cewa masu dafa abincin biki da gidajen abinci na sayen furannin da ake ci domin ƙawata faranti, aka fara ɗan ciniki. Na biyu ya faru ne a watan Satumban 2000, lokacin da aka gano masarar StarLink, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta kuma hukuma ta amince da ita domin abincin dabbobi kaɗai, a cikin wani abincin garin masara da ake sayarwa a shagunan ƙasar, har aka janye kayan daga kasuwa. Dervaes ya sha faɗin cewa wannan lamari ne ya sa ya ƙudurta noma iyakar abin da filinsa zai iya bayarwa. A 2001 iyalin suka fara auna duk abin da suka girba a kan sikeli suna rubutawa, suna kuma wallafawa ƙarƙashin sunan Path to Freedom, kuma wannan ɗabi'a ta awo ita ce ta sa ake iya nazarin gidan da alƙaluma, ko da yake alƙaluman nasu ne, su suka auna kuma su suka faɗa.

Tunanin noma a bayan gida yana da tushe a tarihin Amurka. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ƙarfafa jama'a su yi lambu a gidajensu da filayen makarantu, aka samu lambuna kusan miliyan 20 da suka riƙa samar da kimanin kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun da ƙasar ke ci. Da yaƙi ya ƙare, yawanci suka koma ciyawar ado. Abin da ya bambanta gidan Dervaes shi ne sun mayar da lambun sana'ar gida gaba ɗaya, suka daina neman aikin albashi a waje.

Wanda ya leƙa bayan gidan zai tarar da kwamin shuka da aka ɗaga da katako, jere a jere, tsakaninsu 'yar hanya da ƙafa kawai ke iya bi. Ana shuka iri kusa da kusa yadda ganye zai haɗu da ganye ya rufe ƙasa, rana ba ta samun inda za ta busar, ciyawa kuma ba ta samun inda za ta fito. Duk abin da ke yaɗo, kamar wake da kokwamba da kabewa, ana ɗora shi a kan rumfa ko jikin katanga domin ya hau sama, a ƙarƙashinsa kuma a shuka latas da sauran ganyayen da ba sa son zafin rana. Ba a barin kwami ya kwana babu komai: kafin a cire wani amfani, an riga an raini wanda zai gaje shi a cikin ƙananan mazubai, ana cirewa da safe a yi dashe da yamma. Nau'o'in tsirran da ke gidan sun haura 350, kuma wannan yawa yana rage asara, domin idan ƙwari ko cuta suka kama wani iri, sauran na nan.

Cikin dabarun ban ruwan gidan akwai wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Ana samun tulun ƙasa wanda ba a yi masa shafen da ke toshe ƙofofin jikinsa ba, a binne shi a tsakiyar kwami har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, kuma gwargwadon bushewar ƙasa gwargwadon abin da take ja, idan ta jiƙe sai tsattsafin ya ragu da kansa. Bayan 'yan makonni, in aka tone gefen tulun, za a ga saiwoyi sun nannaɗe shi kamar raga. Saman ƙasa yana zama a bushe, ruwan da zai tashi a iska ya ragu ƙwarai, kuma mai lambu yana zagayawa ne ya duba tuluna ya ƙara wa wanda ya yi ƙasa.

A zamanin Dervaes akwai kaji da agwagi domin ƙwai, da amyar zuma, da 'yan awaki gajeru irin waɗanda asalinsu daga Afirka ta Yamma ne, har Amurkawa ke kiran wani nau'insu da sunan Najeriya. Iyalin ba sa cin nama, saboda haka ba a yanka ko ɗaya. Babban amfanin dabbobin shi ne suna cinye ganyen da ya lalace da ɓawon kayan miya, kashinsu kuma ya shiga ramin taki tare da shara mai ruɓewa, ya dawo cikin kwami. Shekara da shekaru na wannan zagaye ne suka mayar da ƙasar gidan, wadda da can tauri gare ta, ta zama baƙa mai laushi.

Yanzu sai lissafi. Kilo 2,700 daga murabba'in mita 400 ya kama kusan kilo bakwai a kowane murabba'in mita, wanda in aka auna da hekta zai kai tan 67. Wannan amfani ne mai yawa, kuma yanayin wurin yana da hannu a ciki: sanyin Pasadena ba kasafai yake kaiwa ga kashe shuka ba, saboda haka ana noma wata goma sha biyu, kwami ɗaya ya ba da amfani sau uku ko huɗu a shekara. Iyalin da ke Chicago ko Minnesota, inda ƙasa ke daskarewa tsawon watanni, ba za su taɓa kusantar wannan adadi a fili ɗaya ba sai da ɗakin gilashi da wutar ɗumama shi.

Idan aka raba girbin a kan kwanakin shekara, za a samu kilo 7.4 a kullum. Bisa bayanin iyalin, kimanin kashi 60 cikin 100 suke ci, su sayar da kashi 30, sauran kashi 10 ya tafi ga dabbobi. Rabon kowane mutum ɗaya cikin huɗun ya ɗan haura kilo ɗaya ke nan a rana, wanda ya ninka mafi ƙarancin giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a ci fiye da sau biyu. Amma kayan lambu ruwa ne mafi yawansu. A ma'aunin kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki, kilo ɗaya na tumatir bai kai 200 ba, na kabeji kamar 250 ne, na karas kamar 400, alhali baligi mai aikin ƙarfi yana bukatar fiye da 2,000 a rana. Ko an haɗa da ƙwai da zuma da ɗan madara, giɓin da ya rage babba ne, kuma da garin alkama da shinkafa da man girki da sukari na sayarwa ake cike shi. Iyalin ba su ɓoye wannan ba, sun sha faɗin cewa suna sayen irin waɗannan kaya, kuma abin da lambu ke sa wa a tebur yana raguwa sosai a lokacin hunturu.

Mai tambaya zai ce me ya hana su shuka alkamar da kansu. Amsar tana cikin girman filin. Hekta ɗaya na alkama a Amurka yana ba da kamar tan uku, saboda haka da an shuke murabba'in mita 400 ɗin nan kaf da alkama, abin da za a samu bai wuce kilo 120 ba, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Wannan ba zai riƙe mutum ɗaya fiye da wata shida ko bakwai ba, kuma kuɗinsa a kasuwar hatsi ba zai kai dala 50 ba. A ɗaya gefen, ɗan kason da iyalin ke sayarwa na ganyen salak da furannin ci da ganyayen ƙamshi, tare da sauran kayan gida, yana kawo musu kimanin dala 20,000 a shekara kafin a cire abin da aka kashe, kamar yadda suka bayyana a shekarun da labarinsu ya fi yaɗuwa. Hikimar gidan a nan take: sun noma abin da ke da tsada, mai saurin lalacewa, wanda kusanci da mai saye ke ƙara masa daraja, suka bar abin da ke da araha kuma yake jure ajiya ga manyan gonaki. Mai dafa abinci a gidan abinci mai tsada zai biya kuɗi mai kyau domin ganyen da aka tsinka da asuba ya iso masa kafin hantsi, kuma irin waɗannan masu saye suna da yawa a Pasadena da kewayenta. Da an ɗauke wannan gida an kai shi nesa da gari, girbin zai iya zama yadda yake, amma cinikin zai mutu. Birnin da ake ganin iyalin na neman 'yanci daga gare shi, shi ne ke sayen kayansu da farashin da ke riƙe su.

Dala 20,000 kuma ba wani abin a zo a gani ba ne a Kalifoniya. A 2010 ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ga iyali mai mutum huɗu dala 22,050 ne, mafi ƙarancin albashi a jihar kuma dala 8 ne a awa, wanda ke ba ma'aikaci ɗaya mai cikakken aiki kimanin dala 16,600 a shekara. Ma'ana, cinikin lambun da baligai huɗu suka yi wa hidima da ƙyar ya wuce albashin leburan shago guda. Abin da ya sa rayuwar ta yiwu shi ne ƙarancin abin da suke kashewa. An sayi gidan tun kafin farashin gidaje a yankin ya yi tashin gwauron zabo, kuma dokar harajin gidaje ta Kalifoniya ta 1978, wadda aka sani da Proposition 13, ta ƙayyade harajin a kashi ɗaya cikin 100 na ƙimar gida, ta kuma hana ƙimar hawa fiye da kashi biyu cikin 100 a shekara muddin gidan bai sauya hannu ba. Iyalin da za su sayi irin wannan fili a Pasadena a yau za su fara ne da bashin da cinikin latas ba zai iya biya ba.

Jarin da ya fi kowanne girma a gidan ƙwadago ne. A ƙasar da matsakaicin gida bai kai mutum uku ba, kuma 'ya'ya ke barin gaban iyaye da zarar sun girma, samun baligai huɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya, masu lafiya, babu mai zuwa ofis, babu ƙaramin yaro da ake raino, abu ne da ba a saba gani ba. An raba aiki: ɗan yana kan shuka da ban ruwa da haɗa man mota, ɗaya 'yar tana kan girki da adana abinci a kwalabe domin lokacin da lambu ya ja baya, ɗayar kuma tana kan dabbobi. Noman da ake yi a matse irin wannan ba ya karɓar inji. Da hannu ake dashe, da hannu ake tsince tsutsa daga bayan ganye, da hannu ake wanke salak a tsane shi a ƙulla, kuma duk ranar da aka yi sakaci sai an gani a sikeli.

Daga nan ne za a iya auna abin da zai faru da iyali mai yawa, a ce mutum goma, a fili irin wannan. Ta fuskar kayan miya da ganye labarin mai daɗi ne: giram 400 ga mutum goma kilo huɗu ne a rana, kimanin kilo 1,460 a shekara, wato ɗan abin da ya haura rabin girbin gidan Dervaes, har a samu ragowar sayarwa. Matsalar tana ɓangaren hatsi da mai, domin kuɗinsu zai ninka sau biyu da rabi alhali filin bai ƙaru da taku ɗaya ba. Hannuwan da suka ƙaru ma ba lallai su ƙara girbi ba, tunda mutum huɗu sun riga sun kai filin iyakar abin da zai iya, na biyar da na shida ba su da kwamin da za su duƙa a kai. A irin wannan gida, dole wasu su fita neman kuɗi a waje, ko a karkata ga sarrafa abin da aka noma, kamar burodi da abin kwalba da tsirran dashe na sayarwa, ko kuma a nemi aron filayen maƙwabta. Idan kuma yawan iyalin na yara ƙanana ne, bakunan ci sun ƙaru ke nan tun kafin hannuwan aiki su iso, kuma shekarun farko su ne mafi wuya.

Ɓangaren makamashi ya fi saurin bayani. A farkon shekarun 2000 iyalin suka ɗora farantan sola 12, suka rage kayan lantarki, suka koma injin niƙa da na markaɗe na hannu ko na feda, suna gashi a tanderun laka da na hasken rana. Man tsohuwar motarsu mai dizal kuwa daga tsohon man suya suke haɗa shi, wanda suke karɓowa a gidajen abincin da suke kai wa kaya. Wannan ma yana bukatar sinadarin metanol da soda mai ƙuna, waɗanda sai an saya, man suyan kuma sharar birni ce da ba za ta ishi kowa ba da a ce kowa zai nema.

Ruwa shi ne inda dogaro da kai ya fi rauni. Ruwan saman Pasadena kamar milimita 500 ne a shekara, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Nuwamba da Maris, alhali lokacin da tumatir da kabewa suka fi bukatarsa sama ba ta zubar da komai. Lambun yana rayuwa ne da famfon birni, birnin kuma yana haɗa ruwan rijiyoyinsa da wanda ake jawowa daga kogin Colorado da arewacin Kalifoniya ta magudanai masu tsawon ɗaruruwan kilomita. Tuluna da rufe ƙasa da busasshen ganye da sake amfani da ruwan wanka duk sun rage yawan abin da ake ja, amma ba su raba gidan da bututu ba. Lokacin da fari ya sake tsananta har gwamna Jerry Brown ya ba da umarni a watan Afrilun 2015 cewa birane su rage amfani da ruwa da kashi 25 cikin 100, masu lambun gida a faɗin jihar sun ga yadda abincinsu ke rataye a kan shawarar da ake yankewa nesa da katangarsu.

Sunan gidan ya gamu da tangarɗa a 2011. Cibiyar da iyalin suka kafa ta yi rajistar kalmomin Urban Homestead da Urban Homesteading, masu nufin gidan noma a cikin birni, a matsayin tambarin kasuwancinta, ta aika wa masu amfani da su wasiƙu, har Facebook ya rufe shafukan wasu marubuta da ƙananan 'yan kasuwa. Jama'ar da ke wannan harka, waɗanda da yawansu daga gidan Dervaes suka samu ƙwarin gwiwa, suka fusata ƙwarai, domin an daɗe ana amfani da kalmomin tun kafin a san gidan. Ƙungiyar Electronic Frontier Foundation, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta tsaya wa wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa, a 2015 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta soke rajistar ɗaya daga cikin sunayen bisa hujjar cewa kalma ce ta gama-gari, daga baya aka soke ta biyun. A ganina rigimar tana da alaƙa da lissafin da ya gabata: gidan da kuɗin ganye bai isa ya ɗauke shi gaba ɗaya ba, sunansa da labarinsa sun zama kadara, kuma aka yi ƙoƙarin killace su ta hanyar da ta jawo asarar mutunci fiye da ribar da za ta kawo.

Jules Dervaes ya rasu a watan Disambar 2016 yana da shekara 69. 'Ya'yansa sun ci gaba da riƙe gidan, kuma tun kafin rasuwarsa hanyoyin samun kuɗi sun riga sun faɗaɗa: teburin sayar da kaya a barandar gida inda maƙwabta ke zuwa cefane, sayar da iri da tsirran dashe, koyar da masu son fara lambu, karɓar ɗaliban makarantu masu ziyara, da shirya cin abinci a tsakar gida ga masu biya. Girman filin noman dai yana nan yadda yake tun farko, murabba'in mita 400.